Bakri Bai Farka Ba

Asabar, 11 ga Janairu, bayan sallar asuba

Littafin nan na ɗana Mu'azzam ne. Shafi huɗu kawai ya rubuta a ciki, darasin wutar lantarki na kwalejinsu, na yage su na ajiye masa. Da boko zan yi rubutu, domin duk gidan nan ba mai karanta shi sai ni. Uwarsa Raudatu Larabci take karantawa. Shi kuwa a Madina aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma tun yana shekara shida da Larabci yake amsa mini.

Gyaran mukayyif ba ya tafiya lokacin sanyi, ba mai kunna na'urar sanyaya ɗaki yanzu. Kafilina, ubangidan da takardar zamana ke hannunsa, ya ce in riƙa leƙa shago da hantsi kawai. Sauran yinin ina zaune.

Yau kwana biyu. Bakri bai farka ba.

Asabar, bayan la'asar

Bari in rubuta shi a jere ko sau ɗaya ne.

Kwalejinsu ta shirya gasar dambe ta ɗalibai, irin ta safar hannu da hular kariya. Abin da aka tara a ƙofa duk na masu wankin ƙoda ne. Kaltuma, uwar Bakri, tana cikinsu, Lahadi, Talata da Alhamis ake yi mata. Shi ya sa Bakri ne ya fara rubuta sunansa, sannan ya ja Mu'azzam. Tare suka tashi a layinmu na Harra ta Yamma, shekara goma sha biyu ƙofarmu na kallon tasu kafin su koma Bani Harisa. Shekarunsu ɗaya, ashirin, nauyinsu ma ɗaya. Ranar Laraba kowa ya ci abokin karonsa, sai wasan ƙarshe ya faɗo a kansu su biyu. A falona suka zauna suna dariyar abin, suna cin ful da tamis, wake da gurasa, a kwano ɗaya. Bakri, mai kirana Ammi, wato baffa, ya ce, "Ammi Balarabe, gobe kada ka yi fushi in na kwantar maka da ɗa."

Na ce masa ya gwada.

Alhamis da yamma zauren ya cika. Aka kawo Kaltuma a keken marasa lafiya, da mata biyar 'yan ɗakin wankinsu. Abin da ya faru a turmi na uku mutum ɗari uku sun gani, ba sai na rubuta ba. Bakri ya faɗi, ya tashi kafin a gama ƙirga. Shi da kansa ya ɗaga hannun Mu'azzam. Ya sauka da ƙafarsa, ya sumbaci goshin uwarsa. A ɗakin canza kaya ya ce kansa, ya kwanta a benci.

Likita ya ce jini ya taru a cikin kai. An yi masa aiki.

Lahadi, 12 ga Janairu, azahar

Na je asibiti. Yana inaya, wurin masu ciwo mai tsanani, ɗakin da ba a shiga sai mutum ɗaya, minti goma. Ta gilashi na hango shi, an aske rabin kansa.

Abdulrauf, ubansa, kafinta ne, mutumin Mai Wurno ta Sudan. Kakanninsa daga Sakkwato suka taso za su hajji suka yada zango a can. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ƙaddara ce, ya Balarabe. Ka gaya wa yaron kada ya ɗora wa kansa." Garin katako na nan a gashin hannunsa tun Alhamis.

Kaltuma ta juya fuskarta bango da na gaishe ta.

Litinin, 13 ga Janairu, hantsi

Bai farka ba. Hannuna na dama yana ciwo.

Litinin, magariba

Mu'azzam bai fito daga ɗaki ba sai alwala. Kofin da aka ba shi, Raudatu ta naɗe a tsohon zane ta tura bayan buhun shinkafa. Na ƙwanƙwasa masa na ce ya fito mu je masallaci. Ya ce, "Ma abga," wato ba ya so. Ban matsa ba. Dā ko kallo na yi masa sai ya tashi.

Talata, 14 ga Janairu, bayan la'asar

Raudatu ta dafa tuwo miyar kuka ta kai Bani Harisa, domin ta san Kaltuma na son miyarta. Ta dawo da kular yadda ta tafi da ita. Ta ajiye a tsakar falo, ko abayarta ba ta cire ba.

Ta ce, "Baban yara, Yaya Kaltuma ta nuna mini wani bidiyo a wayarta."

Na ce me.

"Wani ɗalibi ne ya ɗauka daga bayanka. Ba a ganin fuskarka. Amma muryarka ce. Sau uku ka faɗa."

Na ce kalmar filin dambe ce, kowa ya san ta.

Ta ce, "A ina kowa ya san ta?"

Ta ɗauki kular ta shiga kicin. Na ji tana juye tuwon, ba ta kira ni cin abinci ba, ni ma ban nema ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan asuba

Mako guda.

Kafin in zo ƙasar nan ni ɗan dambe ne. Shekara tara na yi ina naɗa zare a Ƙauran Namoda, Gusau, Mafara, duk inda aka kafa fili bayan kaka. Ba wani shahararre ba ne, amma in kalangu ya kira sunana mutane kan matso. Na bari da na yi aure. A Madina ban taɓa ba kowa labarin ba sai yaran nan biyu, su ma don sun ga tabon hannuna suka dame ni. Da aka buɗe musu wasan dambe a kwaleji sai na rataya musu buhun yashi a saman benenmu, gefen tankin ruwa. Kaftin ɗinsu, mai horar da su, na koya musu na Turawa, ni ina nuna musu yadda ake ɓoye hannu a bayan ƙugu har sai abokin karo ya manta da shi.

Daɗi nake ji. Gara in rubuta gaskiya. Shekara ashirin da uku ina hawa tsani ina wanke mukayyif ɗin mutane, ba wanda ya taɓa kallona yadda yaran nan ke kallona a saman bene.

Ban hau can ba tun kafin gasar.

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan sallar Juma'a

A Harami na yi salla. Bayan an idar aka kira sallar gawa, mutum bakwai. Na bi su da ido har suka shiga Baƙi'a. Na kama kaina ina duba tsawon kowace makara.

Astagfirullah.

Lahadi, 19 ga Janairu, azahar

Yau Kaltuma ta yi mini magana.

Ina tsaye a barandar asibiti aka gungaro ta daga ɗakin wanki, bene ɗaya ne tsakaninsu da inaya. Ta sa mai tura keken ta tsaya. Fuskarta ta yi fari fat, audugar na manne a hannunta. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da na sunkuya.

Ta ce, "Kai ka ce masa ya kashe shi."

Na ce, "Ummu Bakri, wallahi a wajenmu in mutum ya kai abokin karonsa ƙasa, shi ake ce wa kisa. Ko gwiwa ce ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi. Ya tashi ya karkaɗe jiki su tafi shan fura tare. Bakina ne ya koma shekara talatin baya."

Ta dube ni ta daɗe.

"A Hausar da uwata ta koya mini, kisa kisa ne. Kashe shi, kashe shi, kashe shi. Yaron da ka yi wa huɗuba da bakinka ranar da aka haife shi, ubansa yana Jidda."

Ta ɗaga yatsa aka tura ta.

Na manta ma ni na yi masa huɗubar. Ta tuna mini.

Litinin, 20 ga Janairu, hantsi

Bai farka ba.

Talata, 21 ga Janairu, bayan la'asar

Likitan ya kira Abdulrauf ofis. Abdulrauf ya ce in raka shi, kansa ba ya riƙe magana kwanan nan. Likitan ya kunna hoton kai a allo ya nuna da biro. Ya ce jinin iri biyu suka tarar, sabo da wani wanda ya kwana huɗu ko biyar. Ya tambaya ko yaron ya taɓa buguwa kafin ranar, ko ya yi amai, ko ya yi kukan ciwon kai.

Abdulrauf ya dubi tayil ɗin ƙasa. Ni na dubi allon.

Likitan ya jira mu. Sannan ya ce, "Tayyib," ya kashe hoton.

Na sauke shi a gida. Na wuce kwanar gidanmu sau biyu ban sani ba.

Laraba, 22 ga Janairu, azahar

Lajanar kwaleji ta kira mu, kwamitin da aka kafa ya binciki abin. Mutum huɗu a bayan tebur, da shayi da dabino, kowa da ladabi. Kaftin ɗin yaran yana gefe, ya rame. Sun ce an duba kowane ɗalibi kafin wasa, Bakri ya cike takarda da hannunsa cewa lafiyarsa ƙalau. Sun ce ba laifin Mu'azzam, bugu ne na ƙa'ida. An dakatar da gasar har illa masha Allahu.

Mu'azzam bai ɗago ba. Hannayensa na tsakanin cinyoyinsa.

Babbansu ya juyo gare ni. Ya ce ya ji yaran kan yi atisaye a gidana, ko ni ke horar da su?

Na ce kallo kawai nake yi. Na ce ni mai gyaran mukayyif ne, haka aka rubuta a igamata.

Mu'azzam ya ɗago a lokacin. Ya dube ni, ya mayar da kai. Ya ɗauka tsoron igama ne ya sa na faɗi haka. Har da shi. Mutumin da takardar zamansa ke hannun wani ba ya son a rubuta sunansa a fayil. Har da shi, amma ba shi kaɗai ba.

Asabar, 25 ga Janairu, bayan asuba

Akwai wata Asabar kafin gasar. Huɗu ga wata.

Ba yau ba.

Asabar, magariba

Raudatu ta ce in hau in duba tanki, ruwa ba ya sauka da ƙarfi. Na ce gobe. Jiya ma gobe na ce. Ta hau da kanta. Da ta sauko ta ce in kwance buhun nan in yar, ba ta son ganinsa in ta je shanya. Ta ce kuma wa ya wanke wajen tanki da kilorin har simintin ya yi fari? Na ce tattabaru ne suka ɓata wurin.

Ƙarya ta yi mini sauƙi kwanan nan, kamar sauka daga tsani.

Litinin, 27 ga Janairu, la'asar

Mu'azzam ya fara fita. Na bi shi daga nesa yau kamar ɓarawo. Asibiti yake zuwa. Ba ya shiga. Yana zama a kan dakalin wurin ajiye motoci, inda ake hango tagogin bene na uku, tun hantsi har azahar. Ya rame, wandonsa na zamewa. Na ga ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi yana kallo.

Na san kallon. Da safen nan na yi wa nawa.

Na koma mota na bar shi a can.

Talata, 28 ga Janairu, hantsi

Bai farka ba. An huda masa maƙogwaro an sa bututu.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan magariba

Mu'azzam ya fito cin abinci yau, karo na farko. Loma uku ya yi. Sannan ya ce da Larabci, idonsa a kan faranti, ba zai koma kwaleji ba. Ya ce ya yi waya da kawunsa Ashafa, ƙanen Raudatu mai walda a Yanbu, zai je ya zauna wurinsa.

Raudatu ta ce, "Saura maka wata huɗu ka gama. Wata huɗu!"

Ya ce, "Kujerarsa tana gefen tawa, Ummi."

Ta juyo gare ni. "Ba za ka ce komai ba?"

Na ce a bar shi ya huta.

Ya ce, "Abuya, kullum ina lissafawa. Da na sassauta hannun. Na ga ƙafarsa ta yi laushi tun turmi na biyu. Na gani. Na ji muryarka, sai na saki."

Ba zargina yake yi ba. Da zargina yake yi da na samu sauƙi. Faɗa kawai yake yi yadda abin ya kasance a wurinsa.

Ni ma na ga ƙafar. Na ga idon ma. Na taɓa ganin irin idon nan a Mafara, a fuskar wani Ɗan'inna, wanda daga ranar bai ƙara gane hanyar gidansu ba. Na san abin da nake gani, kuma na fi kowa a zauren nan sanin dalili. Tawul yana kafaɗar kaftin, taku biyar daga inda nake. Kalangu babu, amma na ji shi a kunnena.

Asabar, 1 ga Fabrairu, azahar

Sanyi ya yi sauƙi. Aiki biyu na yi yau a Bani Harisa. Na bi ta ƙofar shagon Abdulrauf, a rufe, ƙura ta taru a kan kwado. Akwai wani gado da ya fara haɗawa a waje, rana ta fara tsaga katakon.

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan la'asar

Bakri ya buɗe ido.

Abdulrauf ne ya kira ni. Na bar mukayyif a kwance a falon mutane na tafi. Raudatu ta yi guɗa a waya.

Idon a buɗe yake. Ba ya bin kowa. Uwarsa ta kira shi da duk sunayen da take kiransa tun yana goye, yana kallon silin. Likita ya ce wannan ba farkawa ba ce, kada mu sa rai da yawa. Ya ce wasu kan daɗe a haka. Abdulrauf ya tambaya daɗewa kamar yaya. Likitan ya ce, "Allahu a'alam," ya taɓa kafaɗarsa.

Don haka ban san abin da zan rubuta ba. Bai farka ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, hantsi

Huɗu ga Janairu, bayan la'asar. Mu'azzam ya kai uwarsa kasuwa. Bakri ya zo shi kaɗai, ya ce Ammi, nuna mini hannun nan da kake ɓoyewa, yau ba idon ɗanka. Na ce na tsufa. Ya ce tsoro nake ji. Dariya muke yi. Na naɗa tawul a hannu. Ko hula bai sa ba.

Iyakar abin da zan iya ke nan yau.

Laraba, la'asar

Ƙarfen da tanki ke zaune a kai yana da kusurwa. Da hannuna ya same shi ya faɗi, a nan kansa ya bugu.

Ya yi amai sau ɗaya a wurin. Ya riƙe rigata ya ce, "Wallahi in ka faɗa za su cire sunana. Yumma ta riga ta gayyaci 'yan ɗakinsu." Haka yake kiran uwarsa. Na ba shi ruwa. Na ce ya kwana biyu bai taɓa buhu ba.

Na ba shi ruwa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na faɗa wa Abdulrauf.

An mayar da Bakri ɗakin marasa lafiya na gama-gari, sun ce inaya ta gama nata. Na same shi a masallacin asibiti bayan an watse. Na zauna a gabansa na faɗa daga farko, tawul, tanki, aman, lajana, duka. Ban dube shi ba sai da na gama. Na ɗauka zai tashi ya shaƙe ni. Na so ya yi.

Ya daɗe yana murza carbi bai ja ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ce mini ya yi zamewa ya yi a benenku. Bai ce kai ne ba."

Na ce ni ne.

"Amma aman na gani. Sau biyu a gida, ranar da washegari. Na ce masa ya janye. Ya ce Yumma ta ɗinka sabon tobi saboda ranar, shekara uku ba ta je ko'ina ba sai wanki. Na saya masa maganin ciwon kai." Ya ɗago ya dube ni. "Ni na kai shi zauren da motata, ya Balarabe."

Mai shara ya zo da injinsa, muka ɗaga ƙafa ya wuce.

Na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama. In lajana ce mu je, in 'yan sanda ne mu je.

Ya ce, "In kai ka, su tambaye ni ni ma. Ta ji. Ita yanzu ƙin ka ne ke tashe ta da safe. In ta san na sani, wa zai kai ta wanki?" Ya sa carbin a aljihu. "Kada ta ji. Wannan kaɗai nake nema."

Na ce ya yafe mini.

"Ban yafe ba. Ban kuma ƙi ba. Ba ni da ƙarfin ko ɗaya."

Da zai tashi sai da ya dafa kafaɗata.

Asabar, 8 ga Fabrairu, azahar

Na tambayi likitan a baranda, ni kaɗai, in mutum ya bugu sau biyu wanne ne ya yi ɓarnar. Ya ce ba mai iya rabawa. Ya ce na farko ya buɗe ƙofa, na biyu ya shiga. Sannan ya dube ni da kyau, ya ce me ya sa nake tambaya. Na ce haka kawai.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan azahar

Na kai Mu'azzam tashar bas. Raudatu ba ta zo ba, ta ce ba za ta iya ba. Ta cusa masa kilishi da yaji a jaka.

Saura minti ashirin motar Yanbu ta tashi. Muna cikin motata, na kashe inji. Na ce Abdulrauf ya roƙe ni kada uwar Bakri ta ji wata magana, amma shi dole ya ji. Na faɗa masa. A karo na biyu ya fi sauri, kamar na haddace.

Na ce, "Ba hannunka kaɗai ba ne. Nawa ne ya fara. Da na buɗe baki da ba a bar shi ya hau ba."

Na zaci zai ji sauƙi. Wallahi abin da na zata ke nan, har na ƙagu in ga fuskarsa ta saki.

Ya dubi gaba ta gilashi. Sannan ya yi magana da Hausa, irin tasa mai karyewa, yana neman kalmomin ɗaya ɗaya.

"Kwana talatin da ɗaya. Kana ji ina kuka a ɗaki. Kana ji."

Na ce ina ji.

"Kuma ka san kansa a fashe yake, ka ce mini in saki hannu."



Ya fita ya buɗe but. Na zagaya zan ɗaukar masa jaka, ya riga ni. Na miƙa hannu, ya sumbaci bayansa yadda ya saba tun yana yaro, bai dube ni ba. Ya hau. Ya zauna a ɓangaren da ba ya kallon inda nake.

Litinin, 10 ga Fabrairu, magariba

Ya kira uwarsa ya ce ya sauka lafiya. Ta miƙo mini wayar, kafin in karɓa ta katse. Ta ce ƙila netwok ne.

Ba ta san komai ba tukuna. Tana ta zuba mini abinci da yawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, la'asar

Na kwance buhun. Yashin na zuba a bayan gida cikin baƙaƙen duwatsu.

Abdulrauf ya kira. Ba gaisuwa. Ya ce a sabon ɗakin ma'aikata ba sa isa, ana so a riƙa juya Bakri duk bayan awa biyu kada bayansa ya yi gyambo. Ranakun wanki shi yana ƙasa da Kaltuma daga bakwai zuwa sha biyu saura, jininta na faɗuwa, ba a barin ta ita kaɗai. Ba su da kowa a garin nan, 'yan'uwansu yaƙi ya watsa su.

Ya ce, "Ka zo bakwai da kwata. Ka fita sha ɗaya da rabi. Kada ta gan ka."

Na ce to.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan azahar

Na je.

Bakri ya yi nauyi fiye da yadda na zata, ko da yake duk naman ya zube. Wata ma'aikaciya ta nuna mini yadda ake sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, a jawo zanen gado, a tokare da filo. Na juya shi ƙarfe takwas, na juya shi ƙarfe goma. Na goge masa baki. Gashin da aka aske ya fara tsirowa gefen ɗinkin.

Na yi masa magana. Na ce Ammi Balarabe ne. Na ce sanyi ya wuce, azumi saura mako biyu. Ban san me kuma zan ce ba, sai na karanta masa abin da na haddace. Idonsa na kan silin.

Hannayensa a dunƙule suke, duka biyun. Ma'aikaciyar ta ce haka ciwon ke sa su, in ba a buɗewa farce zai shige tafin hannu. Ta ba ni mai a ƙaramar roba. Na ɗauki na daman na shafa, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tun daga ƙaramin. Sai da na yi minti goma kafin tafin ya bayyana. Da na saki suka koma. Na sake buɗewa, suka koma. Na bar nawa hannun a ciki, ya dunƙule a kansa. Ta ce kada in ɗauka riƙo ne.

Sha ɗaya da rabi na zare hannuna, na sa masa naɗaɗɗen tawul a madadinsa. Na sauka ta matakalar baya.

Talata bakwai da kwata.